Tun da Na Zama Onarabul Ni Kaɗai Nake Cin Tuwo

Malam Wakili, assalamu alaikum. Don Allah ka taimake ni da shawara, abin ya kai mini iya wuya, kuma a duk faɗin garin nan ba ni da wanda zan faɗa wa ya saurare ni a matsayin mutum. Kai na zaɓa saboda na sha karantawa a filin nan kana cewa ka yi aikin gwamnati har ka yi ritaya, ke nan ka san cikin gidan da ni nake leƙe ta taga. Ka yi haƙuri in na yi tsawo. Na daɗe ban yi hira da kowa ba.

Ni mutumin Ƙaura Namoda ne, na ba shekara hamsin baya. Sana'ata sayar da iri da maganin feshi da takin zamani a kasuwa, da ita na yi aure, da ita nake riƙe iyalina. Siyasa kuwa irin ta unguwa na yi: tara mutane, liƙa fasta, tsayuwa a rumfar zaɓe tun safe har a gama ƙirga ƙuri'a. Da zaɓe ya wuce aka rantsar da gwamnati, aka naɗa kwamishinoni da manyan masu ba da shawara, sai wata rana aka karanto wasu sunaye masu yawa a rediyo, wai mataimaka na musamman. Nawa ya fito can wajen ƙarshe, lokacin da wasu sun riga sun gaji sun kashe rediyon. Aka ce ni mataimaki ne na musamman kan wayar da kan jama'a. Kafin la'asar ƙofar gidana ta cika maƙil. Ga maroƙa, ga makwabta, ga dangin matata sun cika mota daga Zurmi, har wani da muka yi shekaru ba ma ga-maciji ya zo ya rungume ni yana cewa dama ya san za a rina. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi ƙwarai. Na ɗinka manyan riguna, na sayi hular da a da ko tayawa ba na yi. Daga ranar yara da manya suka koma kirana Onarabul.

Na tafi Gusau na karɓi takardar naɗi, na tambayi ina ofishina. Aka ce in bar lambar waya, za a neme ni. A bakin ƙofa na tarar da ire-irena da yawa, kowa da babbar rigarsa da takardarsa a hannu, daga kowace ƙaramar hukuma. Akwai wata bishiya kusa da sakatariya, nan muke zama in mun je, mu sha shayi, mu karɓi lambobin juna, mu yi ta hasashen ranar da za a kira mu. Akan kira mu kuwa, in za a yi taro ana son a cika kujeru. Sannu a hankali na gane ashe gwamnati gida ce mai zauruka da yawa. Ga sakataren gwamnati, ga shugaban ma'aikatan gidan gwamnati, ga kwamishinoni kowa da ma'aikatarsa, ga manyan sakatarori da daraktoci, ga hukumomi kala-kala da ko sunansu ban taɓa ji ba, ga kuma majalisar dokoki can gefe da nata harkar. Ni ko zauren farko ban wuce ba. Gwamna kuwa ina ganinsa yadda kai ma kake ganinsa, daga nesa. Sau ɗaya muka taɓa musabaha a cikin layi, kuma ban ce ya san wane ne ya miƙo masa hannu ba. Alawus yana shigowa, ban raina ba, amma aiki babu, iko babu. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya sa na rubuto maka a gida yake.

A unguwarmu har yanzu muna ciyayya. Bayan sallar magariba kowane magidanci zai fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan dattijon unguwa, Baba Malami, a haɗa a ci tare. Wannan tuwon dawa, wancan dambu, wani hoce. Wanda gishiri ya yi wa miyarsa yawa ranar sai ya gwammace bai fito ba, don za a ce amarya ake nema masa a fakaice. A kan tabarmar nan na girma, a kanta na gaji mazaunin mahaifina. Wanda ke zama kusa da ni kullum shi ne Armiya'u kafinta, abokina tun makarantar allo. Tare muka yi wanka a gulbin Gagare aka zane mu, tare muka yi dako a tashar jirgi. Tun ina yaro ina tallar kananzir yake kirana Kwalba, har muka yi furfura bai daina ba, ko a gaban surukaina.

Daren farko bayan naɗin, na fito da kwanona sai na tarar an ajiye kujerar roba a gefen tabarma. Na ce me ke nan? Baba Malami ya ce ba a taɓa ganin gwamnati zaune a ƙasa ba. Aka yi dariya, ni ma na yi, na hau don kada in gwale dattijo. Na ɗauka wasan kwana ɗaya ne. Ashe an raba ni da mutane ke nan. Wanda ke bisa kujera ba ya cin kwano ɗaya da na ƙasa, sai aka koma ɗiba mini nawa daban, a tsince naman a tura mini. In na iso ana tsakiyar raha sai a yi tsit, a shiga gaisuwa. Ba wanda ya ƙara kushe miyar gidana. Ka san ciwon da ke cikin wannan kuwa? Na taɓa sa matata ta zabga barkono da gangan, aka ci ana hawaye ana cewa madalla.

In an watse kuma sai wani ya raka ni ƙofar gida, ya rage murya. Wannan taransifoma, wancan rijiyar burtsatse, wani ɗansa ya gama makaranta yana zaune, wani danginsa ne a Kurya Madaro ba sa iya barci saboda 'yan bindiga, a taimaka a gaya wa mai girma gwamna. Dangin matata daga Zurmi su ma ba su daina aike ba. Malam, wallahi tun rana ta farko ban yi wa kowa ƙarya ba. Nakan ce ba ni da ofis, ba na ganin gwamna, abin ba a hannuna yake ba. To, a nan gizo ke saƙar. Ka san halinmu, babban mutum ba ya cewa ba zan yi ba, rashin kunya ne. Sai ya ce abin ba a hannunsa yake ba. Duk wanda ya taɓa zuwa roƙo gidan wani babba ya san ma'anar wannan magana. Ke nan gaskiyata da ƙin manya kalmominsu ɗaya. Da farko cewa suke Onarabul akwai tawali'u. Da tafiya ta yi tafiya sai ya koma Onarabul akwai rowa, ya samu ya manta da mutane. Duk rantsuwar da na ƙara, sai su ƙara tabbata na ƙware.

Mutum ɗaya ne bai taɓa roƙona komai ba, Armiya'u. Ya dai daina ce mini Kwalba a cikin mutane, amma in mun haɗu mu biyu yakan harare ni ya ce hular nan ta fi kaina. Da wannan nake rayuwa.

Yana da 'ya, Ummusalma. Ni na yi mata walicci ranar aurenta, Baba take ce mini. Ta karanci aikin ungozoma, gwamnatin jiha ta ɗauke ta, muka yi murna, sai aka tura ta wani asibiti a ƙasar Shinkafi. Mijinta Misbahu malamin makaranta ne a nan Ƙaura, ga ta da goyo. Sai ta tafi ran Litinin ta dawo ran Juma'a, da jariri a ƙirji, a kan hanyar da kowa ya san halinta. Wata safiya Armiya'u ya same ni, ya zauna nesa da ni kamar baƙo, ya ce mini ranka ya daɗe. Nan take na san abin da ke tafe. Ya ce bai taɓa neman komai ba, kuma ba zai ƙara ba, kalma ɗaya yake so in yi a dawo da yarinyar nan Ƙaura. Na faɗa masa abin da nake faɗa wa kowa. Ya dube ni ya ce, “To, Allah shi ba da iko.” Ya tashi ya tafi.

Kuma na gwada, Allah shaida ne. Na je Gusau da babbar rigata. A ma'aikatar lafiya aka ce wannan maganar hukumar da ta ɗauke ta ce. A hukumar na yi zaman benci har ƙafata ta yi tsami. Da na samu ganin wani jami'i, mutumin kirki ne, bai wulaƙanta ni ba, ya ce buƙatar daga wurin ita ma'aikaciyar za ta taso, ta biyo ta hannun shugaban asibitinta, ba ta hannun ɗan siyasa ba. Ya ƙara da tambayata, in duk wanda aka tura can ya nemi dawowa, wa zai karɓi haihuwar matan Shinkafi? Na dawo na kwashe duka na gaya wa Armiya'u. Ya ci gaba da gogar katakonsa. A unguwa kuwa ana ta ba da labarin ɗan wane da aka yi wa canjin wurin aiki cikin mako guda saboda yana da uwa a gindin murhu. In ana so ana yi, haka suke cewa.

Sai damina ta yi nisa, gero ya rufe mutum. Wata Juma'a su Ummusalma suna dawowa, 'yan bindiga suka tare motar da ke gaban tasu. Direbansu ya taka birki, kowa ya fita ya faɗa gona. Ummusalma ta kwanta cikin gero da jaririn, ta toshe masa baki da nono don kada ya yi kuka, har jami'an tsaro suka iso. Allah ya tsare, ta dawo gida da rai, ƙafafunta duk ƙaya, ba takalmi ba mayafi. Waɗanda ke motar gaba har yau wasunsu ba su dawo ba.

Na ruga gidan Armiya'u jaje. Ya tare ni a zaure, ya sa aka kawo mini kujera, ya yi mini godiya irin wadda ake yi wa baƙon da ya zo daga nesa, ya ce gwamnati ta kyauta da ta tuna da su. Da na miƙe ya rako ni bakin ƙofa, ya ce a hankali, “Da ɗiyakka ta, da ka san ƙohwar da za ka bi.” Malam, ban taɓa jin magana ta soke ni kamar wannan ba. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina sake yi masa bayanin hukuma da shugaban asibiti da yadda takarda ke tafiya. Ban gama ba ya juya ya shige gida.

Tun ranar bai ƙara fitowa da kwanonsa ba, a zaurensa yake ci. Ni ma na daina fita, don na lura in ba na nan sun fi sakewa, ina jiyo dariyarsu daga ɗakina. Shago kuma na bar wa ƙanena Hamisu, saboda an ce bai dace Onarabul ya zauna yana auna maganin feshi ba, ga shi duk wanda ya zo in ina nan kyauta yake tsammani. To ka ga ni: in na je Gusau gindin bishiya, in na dawo Ƙaura ƙuryar ɗaki. Matata Hindu ta san gaskiya, amma ta ce in rufa mana asiri, ana neman suna ni ina gudunsa, kuma ita ma yanzu a gidan biki gaba ake ajiye ta. Ba na ganin laifinta. Amma kaɗaici ya ishe ni, har na kan zauna da rana tsaka hawaye ya zubo mini, ni da jikoki.

Ummusalma ta koma aiki da ƙafarta ta warke, don ba ta da zaɓi. Duk Litinin da sassafe ina tsaye a bayan ƙyauren gidana har in ji babur ɗin da ke kai ta tasha ya wuce. Ran Juma'a kuwa ba na iya cin abinci sai na aiki wani ya leƙo mini ko ta iso. Daren Lahadi ba na barcin kirki.

Abokan zamana na gindin bishiya sun ce ni na ja wa kaina. Su in an roƙe su cewa suke an kusa, mun yi magana da mai girma jiya, kuma mutanensu suna son su. Shin in bi sahunsu? Ko in ajiye muƙamin in sa a faɗa a rediyo? Ina tsoron a ce na ajiye ne don kada in taimaki kowa. Ban damu da unguwa duka ba kamar yadda na damu da mutum ɗaya. Yaya zan yi abokina ya yarda da ni?

Naka cikin damuwa,
Onarabul Marar Ofis, Ƙaura Namoda

*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta wasiƙarka, na yi dariya a wurin barkono, daga nan ban ƙara dariya ba. Bishiyar nan na san irinta, na wuce ta gabanta shekaru masu yawa da fayil a hammata, kuma kowace gwamnati da nata mazauna gindinta. Ba kai ne na farko ba.

Bari in fara kashe maganar ƙarya. Kada ka soma. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a nan ba maganar taransifoma kaɗai ake yi ba, akwai rai. Ka ce wa uba an kusa, ya saki jiki ya daina neman wata hanya, in wani abu ya faru me za ka ce masa? Ajiye muƙami kuma cikin ɓacin rai ba zai saya maka komai ba, kai da kanka ka hango yadda za a fassara shi. In daga baya ka ga zaman ba shi da amfani, ka ajiye cikin natsuwa, wannan hakkinka ne. Amma ba shi ne maganin ciwon yau ba.

Yanzu in taɓa ka kaɗan, ka yi haƙuri. Mutanenka ba wawaye ba ne. Sun sha gani da idonsu cewa wanda ya san wani yana samu, kuma sun sha jin manya suna ƙin su da kalmomin nan da kake faɗa. Sannan bakinka yana cewa ba ka da iko, amma rigarka da hularka da kujerarka suna cewa kana da shi. Ka hau kujerar don kada ka gwale dattijo, na yarda, amma rana ta biyu da ta uku fa? Ka bar shagonka saboda an ce bai dace ba. Wanda ya karɓi gaisuwar manya dole ya karɓi ƙorafin da ake kai wa manya. To ka fara daga nan. Ka koma shagonka gobe, ka auna maganinka, wanda ya nemi kyauta ka ce masa Onarabul ɗin da wannan yake ci. Da magariba ka riga kowa fita ka zauna a tabarma, in an kawo kujera ka ce a ba Baba Malami, gwiwarsa ta fi taka buƙata.

Rantsuwa kuma ka bar ta haka, ta riga ta ƙare. Gani ya kori ji. Ran da za ka Gusau ka ɗauki Baba Malami da wani mutum guda mai baki a unguwa, a motar haya, ka ce su zo ku kai kukan unguwa tare. Su ga inda mai gadi ke tsayar da kai, su yi zaman bencin, su sha shayi a gindin bishiyar, su ga onarabul-onarabul nawa ne a wurin. Za ka ji kunya ranar, ba shakka. Amma kafin ku iso Ƙaura labarin ya riga ku, kuma daga bakin da ake yarda da shi.

Ga abin da ya kamata kai da su ku sani. Gwamna da kwamishinoninsa su ne majalisar zartarwa, su ke yanke manyan shawarwari. Amma kuɗin aiki sai an sa shi a kasafi, kasafi kuma sai majalisar dokokin jiha ta amince. Aikin yau da kullum, irin su ɗaukar ma'aikaci da tura shi da canja masa wuri, yana hannun ma'aikatan dindindin, wato manyan sakatarori da daraktoci da hukumomi, waɗanda gwamnati ke zuwa ta tafi ta bar su. Mataimaki irinka ba shi da sa hannu a ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mai neman rijiya ko gyaran lungu ya fara da kansilansa da shugaban ƙaramar hukuma. Babban aiki kuwa ku tara kanku ku je wa ɗan majalisar jiha mai wakiltarku tun kafin a gabatar da kasafin shekara, don shi ke da ƙuri'a a kai, kuma shi ke buƙatar taku ƙuri'ar. Maganar tsaro a kai ta ta hannun dagaci da hakimi da shugaban ƙaramar hukuma. An ce aikinka wayar da kan jama'a, kana jiran a kira ka a ba ka. Ga shi nan a ƙofar gidanka kullum. Wanda ya rako ka da buƙata kada ka tsaya a ba hannuna ba, ka gaya masa hannun wa, in da hali ka raka shi. Ba za ka iya buɗe ƙofa ba, amma za ka iya nuna ta.

Sai Ummusalma. Jami'in da ya tambaye ka wa zai karɓi haihuwar matan Shinkafi bai yi ƙarya ba, su ma 'ya'yan wasu ne, kuma wannan ne ya sa irin buƙatar ke daɗewa. Don haka kada a je neman a cire ta kawai, a je da wanda zai maye gurbinta. A zamanina abin da ya fi saurin tafiya shi ne musaya. Ba mamaki akwai wata ungozoma 'yar Shinkafi da ke aiki a Ƙaura ko Gusau, ita ma hankalinta yana gida. In an same ta, su biyun su rubuta, kowacce ta hannun shugaban asibitinta, ita Ummusalma ta ambaci goyo da miji da abin da ya same ta a hanya. Shugabanni sun fi sakin hannu in ba gurbin da zai zauna babu kowa. Ka ce kana da lambobin abokan zamanka daga kowace ƙaramar hukuma. To kira na Shinkafi yau, ka ce ya bincika maka. Ashe zaman bishiyar bai tashi a banza ba. Kafin nan kuma a rage mata bin hanya: a samo mata gidan mutunci ta zauna can, ta riƙa jimawa kafin ta zo, ku zauna da Misbahu ku tsara. Ban ce lallai za a dace ba, kuma ba lallai a yi da wuri ba. Saboda haka kada ka yi wa kowa alkawari, ka yi aikin kawai.

Na bar Armiya'u a ƙarshe don shi ne tambayarka. Maganar da ya faɗa maka ta yi zafi, kuma ba gaskiya ba ce, amma ka tuna wanda ya faɗe ta. Uba ne da aka kawo masa 'yarsa ba takalmi. Ranar ba bayani yake nema ba, wanda zai ji tsoro tare da shi yake nema, ya duba inda abokinsa ya saba tsayawa sai ya tarar da mai bayanin hukuma. Ban zarge ka ba, mutum in ya ji ciwo abin da ya saba faɗa ne ke fita. Amma ka lura da wani abu. Ni da ban taɓa ganinka ba na san kana tsayuwa a bayan ƙyaure duk Litinin, na san ba ka cin abinci ran Juma'a sai ta iso. Shi bai sani ba. Duk abin da ya ji daga bakinka tun da abin nan ya fara, yadda takarda ke tafiya ne.

Ka je wurin aikinsa da hantsi, da rigar da kake zuwa gona. Kada ka ambaci Gusau, kada ka ambaci musaya, kada ka kare kanka ko da kalma ɗaya. In yana yankan katako ka riƙe masa ɗaya gefen. In ya share ka, ka koma washegari. Ran Litinin kuma ka fito daga bayan ƙyauren nan, ka je ka tsaya kusa da shi a ƙofar gidansa, ku wuce gidan mijin Ummusalma ku raka ta tasha tare, ku yi mata addu'a, ku dawo tare ko da ba wanda ya ce da wani komai. Ba sai ya yarda cewa ba ka da iko ba kafin ku shirya. Abin da yake shakka shi ne ko har yanzu Ummusalma 'yarka ce, wannan kuwa ba a Gusau ake sa masa hannu ba.

Allah ya tsare Ummusalma da ɗanta a duk inda suka sa ƙafa, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya ba ƙasarku lafiya. Kai kuma Allah ya mayar maka da abokinka.

Malam Wakili